Kwana Tara da Aka Ba Gulbi

Ranar Talata aka ce nan da kwana tara gulbi zai haye digi ya cinye gonakin shinkafa. Azumi ce ta kawo mini labarin, maƙwabciyata mai turara shinkafa. Ta leƙo ta saman katanga, ludayi a hannu, hayaƙin murhunta yana biye da ita.

"Madam, kin ji? Kwana tara yar rage. Satelit na yag gani daga sama."

"Wa yac ce?"

"An dai ce."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin juyin juya hali har bayan babban taron ƙasa da ya kawo zaɓe, kuma ban taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa daga bakin yaro ba. Ba zan fara karɓa daga bakin Azumi ina da shekara saba'in da ɗaya ba. Da labarin wani ne ma da na yi dariya na koma kan tsintar wakena. Amma a bayan digin nan, wato ganuwar ƙasar da ta raba gulbi da gonaki, akwai filin Bara'atu, ɗiyar ƙanena. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata yara huɗu da wannan fili, a layin da ya fi kusa da ruwa. Abin da filin ya ba su, shi za su ci har wata shekara.

Na ɗauki mayafi na tafi gidanta. Na tarar da lauje huɗu a jere bakin ƙofa, an wasa su suna ƙyalli.

"Na kira masu yanka, Gwaggo. Jibi Alhamis za su shiga."

"Kawo mani kai guda in gani."

Ta ɗauko zangarniyar da ta tsinko da safe. Na matse ƙwaya ɗaya tsakanin farce da farce, farin ruwa ya fito kamar nono. Shinkafar tana bukatar kwana goma sha takwas, ko ashirin. Wanda ya yanke ta haka, rabi ƙaiƙayi zai sheƙe, rabin da ya rage kuma ya farfashe a injin casa.

"Na sani," in ji ta, tun ban buɗe baki ba. "Amma kashi ɗaya cikin ukku ya hi in tsaya bisa digi ina kallon ruwa."

Ban ce ta yi kuskure ba, domin ba ta yi ba. Na ce kawai ta ba ni zuwa gobe da la'asar.

Bin sawun labarin bai ɗauke ni awa biyu ba. Azumi a wayar mijinta ta ji. Mijin ya kunna mini saƙon murya, wani mutum yana magana da sauri cikin harshen Dendi, yana cewa injiniyoyi sun tabbatar. Na gane muryar, ta mai sayar da takin zamani ce a bakin kasuwa. Shi kuma ya ce a taron manoma ya ji. Satelit ɗin, a hanya tsakanin shagonsa da katangar Azumi aka ƙara shi. Wanda ya yi magana a taron kuwa Abdoulrazak ne, sakataren ƙungiyar manoman, wanda na koyar a aji biyar da aji shida. Yanzu yana da furfura a gemu da 'ya'ya a kwaleji.

Na same shi a ɗakin famfo, inda aka kafa wani dogon ƙarfe mai zane-zane cikin ruwa don auna hawan gulbi. Ruwan ja ne wur, irin na ƙarshen damina. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye ya cire hula, kamar har yanzu da alli a hannuna.

"Madam, ke da kanki? Da kin aiko."

"Na ji ka zama satelit, shi na niz zo gani."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya buɗe kaye, littafin da yake rubuta awon, ya nuna mini. Aikin tsaf, yadda na koya musu. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata: kowace safiya ruwa ya hau santimetir goma, faɗin tafin hannu ke nan. Saura tasa'in ya kai bakin digi. Ya ɗiga ɗigo huɗu, ya ɗora ma'auni a kansu, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe har ya taɓa jan layin da ya sa wa bakin digin. Inda suka haɗu ya rubuta Alhamis ta sama.

"Ekstirapolasiyon ta, Madam," in ji shi. "Tasa'in a raba da goma."

Na san kalmar tun ina makarantar horon malamai. Tsawonta ya fi abin da ke cikinta. Kana da wuraren da ka auna da idonka, sai ka wuce na ƙarshe, ka ci gaba da jan layi a kan farar takarda inda ba ka auna kome ba, kana cewa yadda abu ya saba tafiya haka zai ci gaba. Da Hausa kirdado muke cewa, kuma ba laifi ba ne. Duk wanda ya shuka iri ya yi shi. Matsalar ita ce idan ka ce "kirdado" a taro, mutane za su ce to, Allah ya kyauta, su ci gaba da jira. Idan ka faɗe shi da Faransanci mai gaɓa bakwai, sai su tafi wasa lauje.

"Rabawarka daidai ta," na ce masa. "Amma mi nic ce muku game da bik da kiriyo?"

Bik shi ne biro, kiriyo kuwa fensir. Ya dubi kayen, ya sosa gemu.

"Abin da munka auna, da bik. Abin da munka kirdata, da kiriyo, ɗigo-ɗigo."

"To ina kiriyon?"

Babu. Tun daga Asabar ɗin da ya gani har Alhamis ɗin da bai gani ba, shuɗin bik ɗaya ne, layi ɗaya, ba inda ya yanke.

"Madam, ko da kiriyo na ja shi, ruwan hawa shikai. Kin tuna shekarar babbar ambaliya. Ni ad da alhakin in hwaɗa ma mutane."

Na tuna. A ajina aka sauke iyalai goma sha ɗaya a wannan shekarar, suka yi wata biyu suna shanya tabarmi a kan tebura. Ban zo don in ce masa gulbi ba ya cin mutane ba.

Abin da ya hana ni amincewa wani abu ne da na gani ina yarinya. Mahaifina yana fataucin busasshen kifi, yakan tafi da ni tungayen masunta da ke sama da gari. A wajen Tunga Bukari akwai wata fadama da idona bai taɓa ganin ƙarshenta ba, kuma nakan ji ana cewa sai gulbi ya shiga can sannan yake hucewa. Shekara sittin ke nan. Ban san ko fadamar tana nan ba, ko an yi mata gini, ko ta riga ta cika. Abin da na tuna tun ina 'yar shekara goma shi ma ba awo ba ne.

Laraba da safe na hau kabu-kabu. Gwiwoyina ba su yafe mini ba har yau. Inda hanya ta ƙare cikin laka, na aika a kira mini Mati, tsohon masunci, abokin marigayi mijina. Ya zo yana tura jirginsa da sanda, ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa.

"Marka ta lakwal. Mi yak kawo ki? Ko zawarcin na yai miki tsawo kinka biyo ni?"

"In zan yi aure ba zan ɗauki mai haƙori ukku ba. Kai ni hwadama."

"Huɗu na. Ɗaya na ciki."

Ya riƙe mini hannu na shiga. A hanya na gaya masa maganar kwana tara. Ya tofar da yawu cikin ruwa.

"Yaran zamani. Gulbin ga ba shi haye digi. Tun kakana ba shi wuce gindin tsamiyar can."

"Kakanka bai ga digi ba, Mati, bayan shi anka gina ta. Kuma shekarar ambaliya, ina tsamiyar take? Ta tahi Gaya cin kasuwa?"

Ya ci gaba da tura sanda. Na lura tsofaffi da masu kaye duk abu ɗaya suke yi. Wannan ya ce jiya ya hau, don haka gobe zai hau. Wancan ya ce da bai wuce ba, don haka ba zai wuce ba. Kowa da ma'auninsa a kan farar takarda.

"Waccan shekara daban ta," in ji shi can. "Ruwan sama ya cika hwadama tun watan bakwai. Da jan ruwa yaz zo, bai iske wurin zama ba. Sai yab biɗi gari."

"To bana hwa?"

"Bana? Ke duba da idonki, tunda ba ki yarda da bakin kowa."

Ya karkata jirgin muka bi gefen wani dogon tudu mai ciyawa, wanda ya raba gulbi da abin da ke bayansa. Ya kafa sanda, ya ce in miƙe in dafa kafaɗarsa. Na miƙe.

Fadamar tana nan. Ta shimfiɗu kore shar har inda sama ta sauko, kuma a tsakiyarta shanun Fulani suna kiwo, farare, ƙanana saboda nisa. Na ƙura musu ido sosai. Ina ganin ƙafafunsu har kofato. Damina ta yi rowa bana, kowa ya yi ta kuka da haka a watan bakwai da na takwas, ni ma na yi. Ban taɓa zaton zan ga ranar da zan gode wa wannan rowar ba.

A wani wuri da tudun ya yi ƙasa, ruwan gulbi ya riga ya fara tsallakawa, siriri, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, yana kwantar da ciyawa yana shiga. Na sa Mati ya matsa da ni wasu wurare uku. Na tsoma hannu ina aunawa daga fuskar ruwa zuwa bakin tudun. Wani wuri tafin hannu ɗaya ya rage, wani wuri ɗaya da rabi.

"Yaushe Hilani za su tashi?"

"Sun ce jibi. Sun hi ki lissahi, su ba su da kaye."

Na zauna a jirgin hankalina ya ɗan kwanta, amma ba duka ba. Na ga wurin da ruwa zai shiga. Ban ga yawan ruwan da ke tafe daga sama ba, kuma babu wanda ya gani.

Da la'asar na tara su biyu a tsakar gidan Bara'atu, ita da Abdoulrazak. Ya zo da kayensa, ya ce yau ma goma ne, saura tamanin. Na ce ta kawo mini babbar ƙwarya da ludayi da bokitin ruwa. Na tsinke tsinken tsintsiya na tsayar a tsakiyar ƙwaryar.

"Zuba ludayi guda."

Ta zuba. Ruwa ya hau tsinken da yatsa biyu. Na sa farce a wurin. Ludayi na biyu ya ƙara yatsa ɗaya da wani abu.

"Abdoulrazak, ja muna layi. Ludayi nawa za su cika ta?"

Ya gane inda na nufa, ya yi murmushi. Bara'atu ta ci gaba da zubawa. Kafin ta kai ludayi na goma, sai ka sunkuya sannan ka ga ruwan ya motsa a jikin tsinken, domin ƙwarya ƙasanta matsattse ne, samanta kuwa faɗi. Na gaya musu abin da na gani a Tunga Bukari: shanun, kofatansu, tudun, tafin hannu ɗaya da rabi.

"Kwana huɗun da ka auna, gulbi na cikin gindin ƙwarya," na ce. "Nan da kwana biyu za shi kai wurin hwaɗin."

Abdoulrazak ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Na yarda, Madam. Amma ƙwarya ma cika takai in an ci gaba da zubawa. Kuma digi ba sai ruwa ya haye ta take karyewa ba, in ta jiƙa ƙwarai tana iya hwashewa. In ni nib ɓata, Bara'atu ta yi asarar kashi biyu. In ke kinka ɓata, ta rasa duka."

Ban ji haushi ba. Yaron da na koyar ne ya kama ni, kuma da gaskiyarsa.

Bara'atu ta ajiye ludayin ta dube ni.

"Gwaggo, ke dai hwaɗa mani. In yanke ko in bari?"

"Ban sani ba," na ce. "Abin da nig gani na hwaɗa miki, wannan da bik na. Sauran, nawa ma kiriyo na."

Ba ta so amsar ba, na gani a fuskarta. Sai muka zauna muka yi abin da ya kamata a yi tun a taron. Filinta kwana biyu yake ɗauka a yanke. Ko da layin Abdoulrazak ne gaskiya, ranar Asabar saura hamsin, akwai sauran lokaci. Muka tsayar cewa za a jira awon safiyar Asabar. Idan hawan bai sauko ƙasa da bakwai ba, a shiga da lauje a ranar, babu sauran magana.

"Masu yankan hwa?" in ji ta. "In na sallame su gobe, wani za shi ɗauke su. Kowa yanka shikai yanzu. Asabar ba ni samun kowa."

"Ni zan zo da laujena da ƙannena biyu," in ji Abdoulrazak.

"Ni ma zan zo."

"Ke, Gwaggo? Sai mu bar shinkafa mu ɗauke ki."

Ta yi dariya, ta farko a wannan rana, ta tura laujunan ƙarƙashin rumfa.

Alhamis da safe na je ɗakin famfo da kaina. Goma sha ɗaya. Abdoulrazak bai dube ni ba lokacin da yake rubutawa. Daga kan digi ina ganin mutane sun sunkuya a filaye suna yankan koriyar shinkafa, hagu da dama da filin Bara'atu. Nata ne kaɗai a tsaye a wannan layin. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ɗanta na goye a baya.

"Goma sha ɗaya, Gwaggo."

"Na gani."

"Masu yankan sun tahi hilin wani."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na yi ta auna tudun nan a raina, ina tambayar kaina ko tafin hannun tsohuwa a cikin jirgi mai lilo awo ne da za a ɗora abincin yara huɗu a kansa. Azumi ta leƙo ta katanga ta ce ta ji an ce na hana uwar marayu ceton gonarta. Ban tambaye ta wa ya ce ba.

Jumma'a, takwas. Abdoulrazak ya karanta sau biyu, ya shiga ruwa har gwiwa ya goge ƙarfen da hannu ya sake karantawa.

"Takwas na, Madam."

"Rana guda ba layi ba ta. Kada ka ɗora mata ma'auni."

Asabar na iso da laujen marigayi mijina a naɗe cikin zane, domin alkawari na yi. Na tarar da Abdoulrazak da ƙannensa biyu, kowa da nasa. Bara'atu tana tsaye a gefe, ba ta son ta kalli ƙarfen. Ya sauka ya duba, ya juyo.

"Biyar."

Bara'atu ta zauna a kan digi, nan cikin ƙura, ta kwance goyon ta ɗora yaron a cinya. Ta jima tana shafa kansa. Sannan ta dubi laujen da ke hannuna ta ce, "Gwaggo, wanga ko ciyawar akuya ba shi yankewa. Yaushe rabon a wasa shi?"

Abdoulrazak ya buɗe sabon shafi. Ya ɗiga kwana takwas da bik, ya laluba aljihu ya fiddo guntun kiriyo ya nuna mini kafin ya ci gaba, ɗigo-ɗigo, layin yana lanƙwasa yana kwanciya. A ranar ya aika sabon saƙon murya, ya faɗi abin da ya auna daban, abin da yake kirdado daban, ya ce wanda bai yanke ba ya jira amma ya ajiye laujensa kusa. Saƙon bai yi gudun na farko ba. Duk da haka filaye da yawa a layukan baya sun tsira da shi. Waɗanda suka riga suka yanke, na san su duka, wasunsu na koyar da su, kuma da Bara'atu ba ta da gwaggo mai taurin kai da tana cikinsu.

Lahadi ruwa ya hau huɗu, Litinin uku, Talata biyu, Laraba ɗaya. Ranar Alhamis, kwana na tara, bai hau ba, kuma saura santimetir arba'in da shida ya kai bakin digi. Ya tsaya nan kwana uku, sannan ya fara janyewa. Mati ya aiko cewa a fadamar Tunga Bukari ruwa ya kai wa namiji ƙirji. Bara'atu ta yanke shinkafarta nunanna ranar Asabar ta sama, ta sami buhu goma sha huɗu.